Jar Waya a Mararraba ta Uku

Da za a ba ni ikon goge abu ɗaya daga cikin abin da hannuna ya aikata a duniya, ba zan tsaya dogon tunani ba. Wata 'yar guntuwar waya ce, ja, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Na ɗaura ta a inda bai kamata ba, wata ranar Asabar a Argungu, lokacin da mutane suka tafi sallar azahar, sannan na kama bakina na ɓoye muku har yau. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa kakanku na wajen uwa, Malam Garba, ya taɓa kifar da jirgi a gaban jama'a. Kun yi dariya, yanzu 'ya'yanku ma sun koya, in yaro ya zubar da koko a gidan nan sai a ce ya yi tuƙin Kaka. Na zauna ina ji shekara da shekaru, wani lokacin har ina taya ku murmushi. To ku sani, ba shi ya kifar da jirgin nan ba. Ni ne.

Zamanin muna ƙarƙashin Sakkwato ne, ba a yanke mana jiha ba. Ni karatuna bai wuce firamare ba, daga nan na koyi gyaran rediyo, na buɗe 'yar rumfa kusa da kasuwar Birnin Kebbi. Shekarata biyu da auren mahaifiyarku Kulu. Mahaifinta mutumin Ambursa ne, amma tun yana saurayi ya bar fadama ya shiga aikin jirgin ƙasa, ya zauna Zariya, ya zauna Gusau, ya ƙare a Kauran Namoda. Sama da shekara talatin yana aiki ɗaya, wato juya wa jirgi hanya. Da ya ajiye aiki ya dawo ya gina gida a Gwadangaji, sai ya tarar da mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto. In ya zauna a majalisa aka tambaye shi ko shi ke tuƙa jirgin, ya ce a'a, shi ƙarfe yake ja, sai a tuntsire da dariya. Shekara talatin ana jan ƙarfe! Ba ya fushi. Yakan gyara hularsa kawai, amma Kulu ta gaya mini abin yana damunsa, don a duk shekarun nan ko tarago ɗaya bai taɓa sauka daga layi ta sanadinsa ba, kuma ba wanda ya san darajar wannan a garinmu.

Yana da wata adaka da ba mai taɓawa. A cikinta, naɗe da tsohon zanen Inna, surukata, akwai wani ɗan jirgin ƙasa na ƙarfe: baƙin inji da bai fi tafin hannu da rabi ba, da taragu huɗu, da 'yan layuka da ake haɗawa su yi zobe. Wani Bature injiniya ne ya ba shi lokacin da zai koma ƙasarsu, na ɗansa ne. In an ba layin wutar batir sai injin ya tafi da kansa. Baba, kamar yadda muke kiransa, ya yanke shawarar zai gina wa mutanen gari layin dogo a kan katako, su ga aikin da idonsu. Ya haɗa faffaɗan allo a zaure, girmansa ya kai ƙyaure biyu. Layin Bature bai isa ba, sai ya bi gari bayan damina yana karɓar karyayyun lemomi, ya zare ƙarafan ya miƙe su, ya ɗora a kan 'yan itatuwan da ya yanka daga akwatin ganyen shayi, ɗaya bayan ɗaya, yana auna tsakaninsu da wani ɗan ƙarfe da ya goge da kansa. Ya yi tasha uku ya rubuta musu suna: Birnin Kebbi, Ambursa, Argungu. Ya shafa shuɗin fenti ya ce Gulbin Rima ne, ya ɗora masa gada. Layin da yankinmu bai taɓa samu ba, shi ya shimfiɗa mana a zaurensa.

Inna ba ta bar shi ya huta ba. Rariyar tankaɗenta ta ɓace ta koma shingen tasha, gawayinta ya koma kwal a tarago, gwangwanin kifi kuwa ko an buɗe ba a yarwa.

"Malam," in ji ta, "tsohwahhi na gina masallaci, kai kana gina tashar aljanu. Rariyata fa?"

"Tana Ambursa," in ji shi, ko kai bai ɗaga ba. "In jirgi ya iso sai ki hau ki ɗauko."

Ni a lokacin kunyar suruki ba ta bar ni in zauna a gabansa. In na je gaisuwa, tun daga ƙofa nake cire takalmi, in tsuguna, in gaishe shi kaina a ƙasa, in tashi. Waya ce ta haɗa mu. Wata rana Kulu ta dawo daga gida ta ce Baba na nemana, kuma in zo da ƙarfen dalma.

A ranar ya koya mini abin da ban taɓa tunani ba. Ya nuna mini wurin da layi ɗaya ya rabu biyu, ya ce wannan ita ce mararraba. A bakinta akwai wasu siraran ƙarafa biyu masu motsi, ya goge su da zarto har sun yi tsini, yana ce musu harshe. In harshen ya manne dama, jirgi ya bi hagu. In ya manne hagu, jirgi ya bi dama.

"Umaru, jirgi ba shi da sitiyari," in ji shi. "Direba gudu da birki kawai anka ba shi. Hanya tana hannun wanda ke tsaye ƙasa riƙe da liba, ƙarhen da ake ja a juya harshe. Mutum ɗari biyar na barci cikin taragu, ba su san sunanka ba, ba su taɓa ganin huskarka ba, amma in harshen ga bai zauna ba, kai ka kashe su."

Mararraba uku ya yi. Biyu na kusa yana jan su da wayar birkin keke daga liba. Ta uku tana can ƙarshen allo, dab da gada, wayar birki in ta yi tsawo haka sai ta riƙa lanƙwashewa. Ita ce ya kira ni dominta. Na kwance siririyar waya daga ƙonannen injin fanka, na naɗe ta a jikin bututun biro, naɗi biyu, na zura ƙusa a ciki. In wuta ta shiga wannan naɗin sai ya fizgi ƙusar zuwa dama, in ta shiga wancan ya fizge ta hagu, ƙusar kuma ta ja harshe. Na farko da na yi ya ƙone, zaure ya cika da warin roba, don na bar wuta a kai. Baba ne ya gano dabarar, shi da bai san kan waya ba: ya ce a kafa kan ƙusar tagulla a hanyar liba, yadda in an ja ta za ta shafe shi ne kawai ta wuce. Ƙas! Harshe ya koma, wuta ta ɗauke. Ranar da ya yi aiki, sai da Inna ta leƙo daga soro don jin dariyar mijinta.

Ni a ganina aiki ya ƙare, ashe a wurinsa yanzu aka fara. Ya sa na yanko 'yan fallaye daga gwangwanin kifi, na kafa a gefen kowane harshe. Sai harshen ya manne sosai sannan yake tura falle ya taɓa ɗan'uwansa. In ba su taɓa ba, jar fitila ke ci, kuma layin da ke gaban mararrabar ba ya samun wuta, jirgi yana zuwa zai tsaya cak. In sun taɓa, koriyar fitila ta kama, jirgi ya wuce. A ƙarƙashin libobin kuma ya sassaƙa wani katako mai tsaga-tsaga, wanda in an ba jirgi hanya yake kulle su, ko da ƙarfi ka ja ba za su motsa ba. Sati uku muka yi a kan wannan kaɗai. Ina kwance a ƙarƙashin allo, dalma na ɗiga mini a hannu, shi yana sama yana cewa a sake. Wata rana gajiya ta sa na manta da kunya.

"Baba, ai abin wasa ne. Ko ya sauka, ɗauka za a yi a mayar."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Sannan ya leƙo ƙarƙashin allon, muka haɗa ido, abin da ba mu taɓa yi ba.

"Awo, na wasa ne. Amma yaran da za su gani, daga gare shi za su koyi yadda ake yi. In munka koya musu cewa koriyar wuta na iya yin ƙarya, mi munka koya musu?"

Na koma kan aikina. Kuma in faɗi gaskiya, da aka gama, ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba. Sai ya sa tsohon kakinsa, ya rataya usur, ya tsaya a bayan libobin nan a miƙe kamar yana gaban babban jirgi. Hannunsa yana ɗan rawa saboda tsufa, in zai sha shayi sai ya riƙe kofi da hannu biyu, amma da ya kama liba rawar take tsayawa. Ba ya taɓa sakin jirgi sai ya dubi fitila, ya nuna ta da yatsa, ya faɗa da baki, "Hanya ta zauna." Ko shi kaɗai ne a zauren sai ya faɗa. Mutanen majalisar da ke masa dariya suka riƙa zuwa bayan la'asar suna cika ƙofa. Wani tsoho da ya fi kowa tsokanarsa ya kalli jirgin ya rabu da babban layi ya shige tashar Ambursa, ya riƙe haɓa ya ce ashe jan ƙarfen ma ilimi ne.

Labari ya kai kunnen shugaban wata makarantar koyon sana'a a Argungu. Ya zo da kansa ya gani, ya ce a kawo abin wurin baje kolin da ake yi lokacin bikin kamun kifi, manya za su zagaya. In ya yi aiki a gabansu, zai ware masa ɗaki a makaranta, Baba ya riƙa zuwa sau biyu a mako yana koya wa ɗalibai. Ku da ba ku san shi sosai ba, ba za ku gane abin da wannan ya zame masa ba. Mutum ne da aka sallama daga aiki da takardar yabo, ya dawo gida ya zama abin dariya. Yanzu ga shi za a kira shi malami. Inna da kanta ta wanke kakin, ta sa masa sitaci, ta goge da dutsen guga na gawayi, tana yi tana mita cewa ita ba a taɓa kai ta Argungu ba sai aljanun zaure.

Wanda ya ɗauke mu shi ne Emeka mai kayan wuta, wani Ibo da ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi ta wasunmu, a wurinsa nake sayen fitilu da waya. Yana da akori-kura, jiya-jiya ta yi jigilar shinkafa daga Zauro, ko shara ba a yi mata sosai ba. Muka shimfiɗa buhuna muka ɗora allon. Baba ya ƙi zama gaba, ya hau baya ya rungume adakar injin.

"Baba Tasha," in ji Emeka, "yau jirgi ya hau mota. In munka iso sai ka biya mashi kuɗin kujera."

"Kai dai bi ramukan ga a hankali," in ji Baba. "Direban da ba shi da layi ba a yarda da shi."

Mun isa da hantsi. Aka ba mu rumfa mai daɓen siminti, muka ɗora allon a kan tebura biyu, na haɗa batirin mota. Mararraba ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya. Ta uku, liba ta ja, naɗi ya yi ƙas, harshe ya tafi, amma fitila ta tsaya a ja, jirgi ya zo gabanta ya tsaya. Muka sake, haka. Baba ya duƙa ya duba, idonsa ba ƙarfi, ni ma na duba, a ganina harshen ya manne. Na ce girgizar mota ce ta lanƙwasa fallen gwangwani, na ɗan matsa shi da filaya, bai canza ba. Ana haka aka kira azahar, ga shi an ce manya za su fara zagaye da an idar da salla. Shugaban makarantar ya leƙo sau biyu yana duba agogo.

"In ba ta ba da kore ba, ba mu bi ta nan," in ji Baba. "Sai mu yi da biyu, mu hwaɗa musu ta uku ba ta da lahiya. Ba abin kunya ba ne."

Ya tafi masallaci da Emeka, ni na ce zan tsare kaya in yi tawa in sun dawo. Ina nan tsaye ni kaɗai, zuciyata ta fara saƙa. Mararraba ta uku ita ce aikina. Biyun farko wayar keke ce, kowa zai iya. Ta uku ce mai naɗi, mai ƙas, wadda nake so a tambaya wa ya yi ta, a nuna ni. Kuma ita ce ke kai jirgi kan gada, abin da ya fi komai ƙayatarwa. Na ce a raina falle ne kawai ya lalace, harshe lafiyarsa lau. Na yanko guntuwar jar waya, na shiga ƙarƙashin allo, na ɗaure bakin fallen nan biyu da juna. Yanzu ko harshe ya zauna ko bai zauna ba, fitila kore za ta nuna, layi kuma zai samu wuta. Aikin bai ɗauke ni minti biyu ba.

Da Baba ya dawo ya ga kore, fuskarsa ta washe.

"Mi kay yi mata?"

"Fallen ne, Baba. Na gyara."

"Ka tabbata harshe ya zauna?"

"Ya zauna."

Ya so ya gwada, amma mutane sun riga sun cika rumfar, manya a gaba da manyan riguna, ɗalibai a baya suna ɗage. Ya gyara hula, ya yi bayani a taƙaice, yadda ya yi mini, cewa jirgi ba shi da sitiyari. Ya busa usur. Jirgi ya tashi daga Birnin Kebbi, ya bi mararraba ta ɗaya, ya shiga Ambursa ya tsaya, aka yi tafi. Ya fito ta biyu. Baba ya ja liba ta uku, ƙas, ya dubi fitila, ya nuna ta da yatsa a gaban kowa, ya ɗaga murya.

"Hanya ta zauna."

Ya ƙara wa jirgin wuta don ya hau gada da ƙarfinsa. Ƙafafun gaba suka bi hanyar gada, na baya suka bi ɗaya layin. Injin ya karkace, ya daki bakin gadar, ya yi tsalle daga kan allo ya faɗa kan siminti, taragu biyu suka bi shi. Ƙarar ba ta da yawa, amma har yau ina jin ta. Sai wani daga baya ya ce tsoho ya kifar da jirgi cikin gulbi, a kira masunta. Rumfa ta ɗauki dariya. Na ji wani babba yana ce wa shugaban makarantar ai dama ya lura hannun dattijon na rawa.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma kaɗan ce: ni na haɗa waya. Na dubi manyan rigunan nan, na dubi Emeka, na tuna rumfata da masu kawo mini rediyo, na tuna cewa surukina ne, bakina ya yi nauyi. Baba ya durƙusa ya tattara injin, jikinsa ya tsage biyu, ƙafa ɗaya ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya miƙe, ya cire hularsa.

"Ni ke kan liba," in ji shi. "Duk abin da ya hwaru kan layi, mai liba ake tambaya. Ku yi haƙuri."

Jama'a suka wuce rumfa ta gaba. Shugaban makarantar ya ce za mu yi magana daga baya, kuma ba a sake maganar ba har abada. Ni na je na yi sallar da ban yi ba, ban san abin da na karanta ba. Da na dawo za mu kwance kaya, na faki ido na shiga ƙarƙashin allo don in cire wayar kafin a gani. Babu ita. Fallen nan biyu suna nan a rabe, an kwance ɗaurin a tsanake, ba fizga aka yi ba. Na laluba ƙasa, na duba ƙarƙashin tebur. Da na fito, Baba na zaune a kan adaka yana naɗe injin da zanen Inna, bai dube ni ba.

A hanyar dawowa ko Emeka bai yi wasa ba. A gida Inna ta tarye mu da fara'a, ta ga fuskokinmu, ta koma ciki ta kawo ruwa ba ta tambayi komai ba. Kulu ta yi kuka da ta ji, ta ce mini ita tausayinsa take ji, tsufa ya ci amanarsa a gaban mutane. Na ce mata haka Allah ya ƙaddara. Kun ji irin mutumin da mahaifinku yake a lokacin.

Bayan mako ɗaya ya aiko a kira ni. Na je ina cewa a raina yau za a yi ta. Na same shi a zaure, an mayar da allon wurinsa, yana riƙe da allura. Ya ce in matso. Ya zura allurar tsakanin harshen mararraba ta uku da layi, ya zaƙulo wani abu ya ɗora a tafin hannuna. Ƙwayar shinkafa ce guda ɗaya, da ɓawonta, daga motar Emeka. Ita ta hana harshen mannewa, saura kaɗan, kaurin farce. Ya ja liba, ƙas, kore ta kama da kanta.

"Ka gani, Umaru? Fallenka lahiya lau shike. Aikinka mai kyau ne. Jar wutar ga gaskiya taka hwaɗi tun sahe, mu ne ba mu saurare ta ba."

Ya ce "mu". Sannan ya yi shiru yana jira, ya daɗe, har na ji kukan tantabarun Inna daga cikin gida. Ya buɗe mini ƙofa ne, saura in shiga. Na dubi ƙwayar shinkafar na ce, "Ikon Allah." Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce in gaida Kulu. Wannan shirun na biyu ya fi wayar muni, don a Argungu zan iya cewa tsoro ne da ruɗewa, a zaure kuwa mu biyu ne kawai, kuma mutumin ya riga ya yafe tun ban roƙa ba.

Injin bai gyaru ba. Na gwada, na kai wa masu walda, ƙarfensa ba ya kama dalma, abin da ke juya shi a ciki ma ya karye. Baba ya ci gaba da share allon kowace Juma'a, yana sa wa libobi mai, wani lokaci ya tura tarago da yatsa ya bi da shi ta mararraba. 'Yan majalisa suka koma tsokanarsu, yanzu da sabon labari, shi kuma yakan taya su dariya. Shekara shida ya yi bayan haka. A cikinsu bai taɓa canza mini fuska ba. Shi ya yi wa ɗanmu Sani huɗuba, shi ya tsaya mini lokacin da gobara ta ci rumfunan kasuwa har da tawa, ya ba ni zaurensa na yi aiki a gefen allon nan wata huɗu. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, har ranar da muka kai shi makwancinsa a Ambursa.

Bayan an yi sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗakinta. Ta miƙo mini wani gwangwanin taba da yake ajiye usur ɗinsa, ta ce ya ce a ba ni. Na buɗe. Usur na ciki, a ƙarƙashinsa jar wayar, an naɗe ta da kyau, da ƙwayar shinkafar a ƙulle cikin 'yar takarda.

"Inna, kin sani?"

"Tun ranar," in ji ta. "Ni nac ce mashi shi hwaɗa wa duniya. Yac ce a'a. Yac ce shi aikinshi ya ƙare, kai naka yanzu ya soma, in anka ce mai rediyo ya ha'inci surukinshi wa zai sake kawo maka gyara? Kuma ba ya son Kulu ta tsaya tsakanin uba da miji. Yac ce yaron na da hannu, bakinshi ne bai nuna ba tukuna, a ba shi lokaci."

An ba ni lokaci, na cinye shi duka. Inna ta rasu ba ta faɗa ba. Mahaifiyarku kuwa, na gaya mata shekara biyu kafin rasuwarta, ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, a na huɗu ta ce in gaya muku da bakina. Bakin ya sake gazawa, shi ya sa na rubuta.

Abin da nake roƙonku biyu ne. Daga yau kada a sake cewa tuƙin Kaka a gidan nan, in yara sun tambaya ku gaya musu kakansu bai taɓa sauke jirgi daga layi ba, babba ko ƙarami, kuma ya ɗauki laifin wani a gaban jama'a da hularsa a hannu. Na biyu, duk aikin da kuke yi, in abu ya nuna muku ja, ku nemi abin da ya tokare, kada ku rufe masa baki don ana jiranku. In kuwa kun riga kun yi, ku faɗa a ranar, tun wanda kuka cuta yana da kunnen ji. Gwangwanin yana cikin akwatina, ƙarƙashin takardun gida. Usur ɗin a ba jikana Garba ƙarami, mai sunansa. Wayar kuma ku bar ta a inda za ku riƙa ganinta.